Haƙoran Karen Baffa

A gidanmu na Koki ba a taɓa kiwon kare ba. Ko ta ƙofar gida kare ya gifta, sai wani ya sunkuya neman dutse. Amma akwai kare ɗaya a danginmu, kowa ya san da zamansa, sai dai ba a cika kawo maganarsa ba. Na Baffa ne, yayan mahaifina, kuma yana zaune a garkensa da ke bayan Ƙofar Mazugal, kusa da kwata.

Kakanninmu makiyaya ne. Mahaifina ya ajiye sanda ya kama sayar da yadi, ni kuma na zama malamin firamare. Baffa kaɗai ne bai rabu da shanu ba. Ya daina fita kiwo tun ina ƙarami, amma yakan sayo ramammun bijimai daga ƙauye ya ɗaure su a turke, ya yi ta ba su dusa da harawa har su murje, sannan mahauta su zo su kora su. Garken wani fili ne da aka kewaye da tsohon kwano, da rumfa ɗaya a gefe inda yake wuni a kan buzu. Da magariba ya dawo gida, karen ya kwana da shanun.

Ja ne, dogo, mai siririn ciki, kunnensa ɗaya a tsage. Idan yana da suna, ni ban taɓa jin an kira shi da shi ba. Baffa tsaki biyu yake yi, karen ya taso. Ni da shi ba mu da wata hulɗa. In na je garken da saƙon mahaifina yakan ɗaga kai ya dube ni, ya ga ba baƙo ba ne, ya mayar da kai ƙasa.

Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarar da sojoji suka koma bariki karo na biyu a rayuwata. An gama zaɓe, ana jiran ranar miƙa mulki. Hotunan 'yan takara sun cika kwanon garken ta waje, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, rana ta koɗar da su duka, awakin unguwa sun cinye na ƙasa-ƙasa. A teburin mai shayi ba a wata hira sai ta wanda zai zama kwamishina. Baffa bai shiga cikin wannan hira ba, domin hankalinsa yana kan bakin karensa.

Da ƙashi abin ya fara. Mahauta sun saba jefo wa karen ƙashi ta saman kwano in za su wuce. Wata rana Baffa ya ga ya shinshina ƙashin ya bar shi. Washegari ma haka. Daga nan ya lura idan yana cin tuwo sai ya karkatar da kai gefe guda, loma ta riƙa faɗowa daga bakinsa. Yakan sa ƙafar gaba ya yi ta goge baki kamar mai son cire wani abu. Sai wari ya biyo baya. Garke ba wurin ƙamshi ba ne, kuma kwata na nan kusa, amma wannan warin daban yake, ya fi kama da na naman da aka manta a cikin leda. A ƙarshe miyau ya fara dalala daga bakinsa da ɗan jini-jini, ƙasan idonsa na hagu kuma ya kumbura.

Baffa ya yi abin da ya sani. Ya daka bagaruwa ya haɗa da 'yar kanwa, irin yadda ake yi wa mutum in dasashinsa na jini, ya barbaɗa masa a baki. Karen ya yi ta atishawa, ya koma bayan turke ya ɓuya. Da bai ga sauƙi ba sai ya kira wanzaminmu, wanda ya yi wa yawancin mazan gidanmu kaciya, kuma shi yake cire wa tsofaffin unguwa haƙori. Wanzamin ya tsaya daga bakin ƙofar garke ya leƙa.

"Alhaji, na ga abin da ke damunsa," in ji shi. "Amma awartakina bakin mutane yake shiga. In na sa shi a bakin kare yau, gobe wa zai buɗe min baki?"

Baffa bai ja da shi ba. Ya san gaskiya ya faɗa.

Da a nan abin ya tsaya, da ban shigo cikinsa ba. Sai dai wata safiya mai kawo dusa ya shigo da buhu a ka, ya tarar da karen kwance a hanya, ya sa ƙafa ya ture shi, kuma ƙafar ta sauka daidai kan kumburin. Karen ya zabura ya kai masa cizo. Bai same shi ba, ko rigarsa bai taɓa ba, amma mutumin ya yar da buhun ya fita da gudu. Kafin azahar labari ya zaga cewa karen Alhaji ya haukace, yana dalalar da miyau, yana bin mutane da cizo. Mata suka hana yara bin layin. Wasu mahauta suka fara maganar a kawo gora.

Da la'asar mai unguwa ya zo. Na tarar da su ne don mahaifina ya turo ni in ji abin da ake ciki. Mai unguwa ya ƙi zama, ya tsaya nesa da rumfar.

"Alhaji, ba don kaina na zo ba, jama'a ne suka turo ni," in ji shi. "Ka san abin da ake tsoro."

Baffa ya miƙe. Ya ɗauki wani tsohon kwano ya cika da ruwa, ya ajiye gaban karen. Karen ya tashi a hankali ya sha, ya sha, har ya kusa shanyewa.

"Ka gani?" in ji Baffa. "Na taɓa ganin mahaukacin kare a daji. Ba ya iya haɗiyar ruwa. Wannan bakinsa ne ke ciwo."

"Na gani. Amma ni ba likita ba ne, kai ma haka. Na ba ka kwana uku. Ko a kawo min takarda daga likitan dabbobi, ko a yi abin da mutane ke so. Kafin nan a ɗaure shi."

Baffa ya ɗaure shi a turken wani bijimin da aka sayar. Shi ne karo na farko da igiya ta shiga wuyansa, ya yi ta juyi yana duban Baffa, daga baya ya haƙura ya kwanta.

Washegari bayan mun dawo daga masallaci Baffa ya tsayar da ni a soro.

"Malam, kana da aji yau?"

Haka yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsokana. Na ce ina da shi.

"To a nemi wanda zai riƙe maka. Can asibitin dabbobi takardu ake rubutawa, kuma da Turanci. Kai ne ɗan bokon gidan nan."

Ban so ba, amma ba a ce wa Baffa a'a a gidanmu. Na je makaranta na gaya wa hedimasta zan kai mara lafiya asibiti. Ya ce Allah ya sawwaƙe, bai tambaye ni ko wane ne ba, ni ma ban ƙara komai ba.

Samun mota ya ɗauke mu har hantsi. Masu tasi uku muka tsayar, duk wanda ya ji kare ne sai ya ja motarsa. A ƙarshe wani direban a-kori-kura mai ɗaukar nama daga kwata ya yarda, da sharaɗin mu zauna a baya tare da karen. Baffa ya yi masa takunkumi da tsumma, ya ɗaure a sassauce saboda kumburin, ya sungume shi ya ɗora. Ni na zauna can ƙurya na juya fuska wajen iska. Muka ratsa cikin gari, mutane na tsayawa suna kallon dattijo da rawani rungume da kare. Wajen Ƙofar Nassarawa ma'aikata na shafa wa bakin titi fenti fari da baƙi saboda bikin da ke tafe, wasu na kafa tutoci. Ɗaya daga cikinsu ya daina fentin ya bi mu da ido har muka wuce.

A asibitin awaki da tumaki suka fi yawa, sai wani doki da ke ɗingishi, da wata tsohuwa da kaji a kwando. Akwai karnuka biyu irin na Turawa, masu gashi, waɗanda masu gadin gidajen manya suka kawo da sarƙa. Namu ya fi su tsawo, sun fi shi kyan gani. Na yanki kati. Da aka tambaye ni sunan dabbar na dubi Baffa, ya ce a rubuta kare.

Da layi ya zo kanmu sai muka ga likitar mace ce. Ba za ta wuce sa'ata ba, da farar riga a kan atamfa, ta ɗaure mayafinta ta baya don kada ya dame ta. Baffa ya ɗan tsaya a bakin ƙofa. Na san abin da yake tunani, amma bai furta ba. Ita ta fara gaishe shi, da Hausar cikin gari.

"Sannu da zuwa, Baba. Me ya same shi?"

Baffa ya ba ta labari tun daga ƙashi har zuwa mai unguwa. Ta tambaya ko ya ciji wani, ya ce a'a. Ko wani kare ya cije shi kwanan nan, ya ce ba ya fita. Ko yana shan ruwa, ko yana gane mai shi, ko ya canza hali ban da ranar da aka taka shi. Ta tambayi shekarunsa, Baffa ya ce damina tara. Sannan ta sa safar hannu, ta ce Baffa ya riƙe kansa, ta kwance tsumman ta ɗaga leɓensa na sama.

Na matso don in gani, warin ya mayar da ni baya, na sake matsowa. Haƙoran ba su yi kama da haƙora ba. Wani abu mai tauri, ruwan ƙasa-ƙasa, ya lulluɓe su kamar kantar da ke taruwa a cikin tsohuwar buta. Dasashin ya yi ja kamar hanta, ya janye sama ya bar saiwar haƙoran a waje. Ta danna da yatsa kusa da babban turmin haƙori na hagu, mugunya ta fito. Ta taɓa na gaba biyu, suka girgiza. Karen ya yi ƙara a maƙogwaro, Baffa ya yi masa tsaki, ya yi shiru.

"Ba hauka ba ce, Baba," in ji ta. "Ciwon dasashi ne, kuma ya daɗe."

"Kare ma yana ciwon dasashi?"

"Duk mai haƙori yana yi. Me kake ba shi ya ci?"

Baffa ya lissafa mata: sauran tuwon gida, ƙanzo da ake jiƙa masa, koko in ya ragu, wani lokaci kayan ciki da yake sa a dafa masa har su yi laushi. Ya faɗa ne da 'yar alfahari, domin ba kowa ke kula da kare haka ba.

Ta yi masa bayani a hankali, tana nuna masa da yatsa. Abinci mai laushi yakan liƙe a jikin haƙori. In ba abin da ya goge shi, sai ya daskare ya zama wannan dutsen. Dutsen ya riƙa tura dasashi yana buɗe hanya, ƙwayoyin cuta su shiga su ci saiwar. Kumburin ƙasan ido ba ciwon ido ba ne, saiwar turmin ce ta ruɓe, mugunyar ta rasa mafita. Ta ce in aka bar shi, ƙwayoyin za su iya bin jini su taɓa ƙoda ko zuciya.

Baffa ya dubi bakin karen.

"Wato tuwon ne," ya ce.

"Tuwon da kuma shekaru, Baba. Ƙashin da ake jefa masa ya taimaka da, amma bai isa ba."

Ta ce sai an yi masa allurar barci kafin a kankare dutsen a cire haƙoran da suka mutu. Ba ta ɓoye masa ba cewa tsohon kare yakan yi barcin ya ƙi tashi. Ta ce shi zai yanke shawara. Baffa ya dube ni kamar zan ce wani abu. Sannan ya juya ga likitar.

"In na mayar da shi haka, jibi gora za a sa masa," in ji shi. "Yi aikinki, Likita."

Allurar ba ta daɗe ba ta ɗauke shi. Ƙafafunsa suka saki, aka kwantar da shi a kan teburin ƙarfe kusa da taga. Baffa ya fita ya zauna a gindin darbejiya. Mataimakinta yana waje wajen dokin, sai ta miƙo min safar hannu.

"Malam, riƙe min muƙamuƙinsa. Haka, kada ka saki."

Ban taɓa taɓa kare ba sai ranar. Abin da na fi tunawa shi ne ɗumin jikinsa ta cikin safar, da yadda numfashinsa ke bugun wuyan hannuna. Ta ɗauki wani ƙarfe mai lanƙwasasshen baki ta fara kankara. Dutsen yana ɓallewa ɓawo-ɓawo, tana jefa shi cikin tire yana ƙara kamar tsakuwa. A ƙarƙashinsa wasu haƙoran suka fito fari tas, abin da ya ba ni mamaki. Wasu kuma da aka cire dutsen sai aka ga shi ne ma yake riƙe da su. Na gaba biyu da yatsa kawai ta zare su. Babban turmin ne ya ba ta wuya, sai da ta raba shi kafin ta fitar da saiwoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ta wanke ramin har ruwan ya daina fitowa da launi. Biyar ta cire gaba ɗaya. Ba ta yi magana ba sai sau ɗaya, da ta tambaye ni wane aji nake koyarwa, na ce aji huɗu.

Aikin ya kai mu azahar. Na fita na wanke hannu da sabulu sau da yawa, duk da safar, sannan na yi alwala. Da muka idar da salla Baffa ya shiga ya tsuguna kusa da tabarmar robar da aka kwantar da karen. Karen ya fi awa bai motsa ba. Can ya buɗe ido ɗaya, ya yi ƙoƙarin tashi ya faɗi, ya sake gwadawa. Baffa ya yi tsaki biyu a hankali, wutsiyar ta ɗan motsa. Baffa ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

Likitar ta yi masa allurar rigakafin hauka, tunda ba a taɓa yi masa ba, ta ba mu ƙwayoyin magani da za a riƙa cusawa cikin nama safe da yamma. Ta ce a bar shi a ɗaure kwana goma don hankalin mutane ya kwanta. Sati ɗaya abinci mai laushi, daga nan a rage tuwo, a riƙa ba shi ɗanyar jijiya da fata ya tauna, amma ban da dafaffen ƙashi, yana fasa haƙori. Sai ta zo kan na ƙarshe.

"Kuma kullum a goge masa haƙoran da suka rage. A naɗa tsumma mai tsafta a yatsa ko a ɗan itace, a tsoma a ruwan ɗumi, a bi ta jikin dasashin a hankali. Kada a sa masa man goge baki na mutane, ba ya tofarwa."

"Likita," in ji Baffa, "asuwaki kike cewa in yi wa kare?"

"Shi nake cewa, Baba."

Ya yi dariya, ta farko da na ji ya yi a satin. Ita ba ta yi ba. Ta rubuta takardar, ta buga hatimi, ta miƙo min.

A ranar da yamma na kai wa mai unguwa takardar. Na karanta masa da Turanci don ya ji nauyinta, sannan na fassara. Ya karɓa ya duba hatimin, ya ninke ta ya sa a cikin hularsa, ya ce magana ta ƙare. Mai dusa ya ci gaba da kawo dusa, amma a bakin ƙofa yake sauke buhun.

Ranar miƙa mulki ba a yi makaranta ba. Na bi ta garken da hantsi don Baffa ya ce in zo in duba ko yana ba da maganin daidai. Kowane shago rediyo a buɗe, ana jin muryar mai rantsarwa da tafi. A rumfar Baffa ma akwai ƙaramar rediyo a rataye, amma ba ita yake saurare ba. Ya yanko sandar asuwaki ya tauna bakinta har ya yi laushi, ya naɗe da farin tsumma, ya matse kan karen tsakanin gwiwoyinsa yana bin haƙoran ɗaya-ɗaya. Karen ya runtse ido yana jurewa. Mahauta huɗu ko biyar sun jingina da kwano suna kallo, ganin kasuwa ba ta ci ranar.

"Alhaji, lallai farar hula ta zo," in ji ɗaya. "Har kare ya samu asuwaki."

Sauran suka bushe da dariya. Baffa bai ɗaga kai ba. Ya gama gefen dama, ya ɗauraye tsumman, ya koma hagu inda ya fi taka-tsantsan saboda ramin. Da ya gama ya jefa sandar cikin wani gwangwani da ya keɓe, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya tambaye ni ko ƙwayar safe fara ce ko mai ruwan ɗorawa.

A gida maganar ba ta yi daɗi ba. Mahaifina ya ji ana faɗa a kasuwa cewa yayansa ya zama wanzamin karnuka, ya dawo ransa a ɓace. Bai iya tunkarar Baffa ba, sai ya kai maganar wajen limamin masallacinmu. Liman ya ce karen da ke gadin dabbobi ba a hana ajiye shi ba, kuma wanda ya ajiye dabba haƙƙin lafiyarta na wuyansa, ya wanke hannu kawai. Mahaifina ya dawo ya ce shi dai mutane na magana. Matar Baffa kuwa ba ta tambayi kowa ba, ta ware masa butarsa da sabulunsa a bakin soro, ta ce nan zai riƙa tsayawa kafin ya shigo. Ya bi wannan doka bai taɓa ƙorafi ba.

Kumburin ya sace cikin kwana biyar. Bayan sati biyu na ga karen kwance da wata doguwar jijiya tsakanin ƙafafunsa yana ja da gefen dama. Warin ya ragu sosai, ko da yake bai tafi duka ba. Ya yi ɗan kumari. Harshensa yakan leƙo ta gurbin haƙoran gaba in yana barci, abin da ya sa ya daina ba kowa tsoro. Dariyar mahauta ma ta ƙare da kanta, don abin da ake gani kullum ba ya daɗewa yana ba da dariya. Su ne ma suka koma ware masa jijiya maimakon ƙashi.

Wasu mafarauta da ke ajiye karnuka a bayan ganuwa suka ji labari, suka fara biyowa ta garken. Baffa yakan ɗaga leɓen karen da aka kawo, ya duba, ya ce wannan da sauransa, ko ya ce wannan a kai shi wajen likita. Yawancinsu ba su kai ba. Na san mutum ɗaya da ya kai. Shi kansa Baffa ya riƙe gogewar kullum har ƙarshen damina, daga nan ta koma bayan kwana biyu, wani lokaci uku, musamman da gwiwarsa ta fara hana shi tsuguno. Mun mayar da karen wajen likitar sau ɗaya da rani, ta ce dutsen ya fara dawowa a na baya amma dasashin ya kama, ta ce ya ci gaba.

A shekara ta biyu mai filin ya sayar da shi ga wani da siyasa ta buɗa masa, aka ce za a yi shaguna. Ba a yi rigima ba, an ba Baffa lokaci. Ya nemi wani wuri a kusa bai samu ba, ga ƙafa ta ƙi. Ya sayar da bijiman da suka isa yanka, sauran biyun ya tura wa wani ɗan ƙanensu da ke noma a ƙauye ta hanyar Bichi. Karen ya bi su, domin ba shi da wurin zama a Koki, kuma Baffa bai ko gwada kawo maganar ba. Ranar tafiya ya nuna wa mutumin yadda ake naɗa tsumma, ya sa shi ya gwada a gabansa sau biyu. Mutumin ya ce to. Ban sani ba ko ya yi, ban kuma tambaya ba.

Da damina ta zagayo mutumin ya shigo gari ganin gida. Muna zaune a soro bayan la'asar, ni da Baffa da mahaifina. Ya ba da labarin gona da na bijimai, sannan ya ce af, karen nan ya mutu makon jiya. An tashi da safe aka gan shi kwance a gindin rumbu.

"Ciwo ya yi?" in ji Baffa.

"A'a, Baffa. Tsufa dai. Har jajibirin ranar ya ci abincinsa."

"Kun binne shi, ko kun yar?"

"Mun binne shi a bayan gona."

Baffa ya gyaɗa kai. Ya ɗan jima yana murza gwiwarsa, sannan ya tambayi mutumin ko ruwa ya wadata a wajensu, don an ce gabas da su gero ya fara naɗewa. Mutumin ya ce su dai alhamdu lillahi, sau biyu aka yi musu a makon nan.